Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

"Na'am," in ji 'yar na'urar da ke tafin hannun matar, da muryar nan tata mai sanyi wadda ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. "Faɗi sunan wanda kike nufi."

"Sagiru Bawa," in ji matar. Ko kallon abin ba ta yi ba, hankalinta na kan kwandon tumatir da ta matse tsakanin ƙafafunta.

Shi ke nan, aiki ya ƙare. A can wani gefen birni, cikin aljihun wani Sagiru Bawa, muryar matar nan ce za ta fito ta kira sunansa kamar tana tsaye a bayansa. Babu ƙararrawa, babu kiɗa, babu lamba. Wanda ya neme ka, muryarsa za ka ji yana kiran ka, kai kuma ka ce na'am a haɗa ku.

Injiniya Haladu Jibo yana zaune a kujerar da ke fuskantar matar cikin jirgin igiya, irin motar nan mai tafiya a rataye a sama, yana satar kallon ta, yana jin daɗin da ba ya gajiya da ji. Shi ya ƙirƙiro wannan na'ura, shi ya raɗa mata suna Na'am, kuma a safiyar nan yana kan hanyarsa ne ta zuwa gabatar wa majalisar birni da ƙanwarta, Na'am ta biyu. Da matar ta san wanda ke gabanta, a ganinsa, da ta ajiye tumatir ta gaishe shi.

Birnin Inuwa gari ne da aka gina bayan zafi ya fi ƙarfin tsofaffin garuruwa. An yi masa rumfa guda tun daga gabas har yamma, ta faranti masu shan hasken rana, su ke ba gari wuta, su ke kuma tare masa rana. Ƙarƙashin rumfar benaye ne reras, jiragen igiya na kai da kawo a tsakaninsu. Mutanen garin sun saba da sabon abu har ba ya ba su mamaki, amma ranar da Gidan Sadarwa ya raba musu Na'am sai da suka yi ta juya ta suna neman inda ake dannawa. Ba su samu ba. Girmanta bai wuce ƙwallon mangwaro ba, sumul take gaba da baya, ba gilashi, ba madanni, ba ko 'yar tsagar da farce zai shiga.

Masu wannan sana'a suna da abin da suke kira fuskar waya, wato duk abin da ke tsakanin mutum da cikin na'ura: abin da zai gani, abin da zai taɓa, da hanyar da zai bi ya sa ta aiki. Wayoyin da, fuskarsu cike take da 'yan hotuna da rubutu, shafi a bayan shafi, har tsoho kan ɓata a ciki ya rasa hanyar fita. Haladu ya tsani wannan tarkace tun yana ɗalibi. A wurinsa fuskar da ta fi kowace kyau ita ce wadda babu ita sam, mutum ya buɗe baki kawai a yi masa abin da yake so. Kuma a faɗi gaskiya, ya sauƙaƙa wa jama'a da yawa. Makafi sun sa masa albarka, haka waɗanda ba su iya karatu ba, haka mai tuƙi, haka mai hannu dumu-dumu cikin ƙullu. Ba wanda zai hana shi wannan. Ciwon mutumin dai shi ne, in ya yi daidai a abu tara, ba ya yarda akwai na goma.

Na goman nan kuwa daga dokar suna ya ɓullo. A lokacin gwaji, Na'am tana karɓar laƙabi da sunan wasa, ta yi hasashen wanda ake nufi. Sai wata rana wani ma'aikaci ya ce a kira masa "mutuniyar", na'ura ta haɗa shi da surukarsa, ya kuwa zuba abin da ya zuba kafin ya gane murya. An yi dariya a ofis har da riƙe ciki, amma Haladu bai yi ba. Ya ce na'urar da ke hasashe na'ura ce da ke kuskure. Daga ranar ya yanke cewa suna ɗaya za a karɓa, na yanka haɗe da na uba, yadda yake a rajistar birni, kuma daga bakin mai wayar kaɗai.

Mutum ɗaya ce ta ja da shi, ita ce ƙanwarsa Suwaiba. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, makaranta ɗaya suka yi, kuma ita ma injiniya ce a Gidan Sadarwa, ba ta kasa shi a komai ba sai muƙami. Tun suna yara ba sa zama inuwa ɗaya. Shi yana ganin ta fiye ƙorafi, ita tana ganin ya ɗauki kansa ya ɗora a inda ba wanda ya kai shi.

"A bar madanni ɗaya," in ji ta a taron ƙarshe kafin a fitar da Na'am. "Ɗaya tal, a gefe. Mutum ya ɗaura shi a kan wanda ya ga dama, ya danna ba sai ya yi magana ba."

"Yau ɗaya, gobe biyu, jibi mun koma gidan jiya," in ji Haladu.

"Yaya, akwai sunayen da baki ba ya ɗauka."

"Nan ba gida ba ne. Injiniya za ki ce."

"To, Injiniya, ranka ya daɗe. Su wa ka gwada wa abin nan? Yaran ofishinka, masu kiran kowa da suna gatsau. Ka sauka ƙasa ka miƙa wa matar da ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, sannan ka zo ka ba mu labarin sauƙi."

"Wadda ke jin nauyin sunan mijinta ta taka ta je ta same shi. Ni ba don mutanen da suka shuɗe nake ƙera waya ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, irin dariyar da ƙananan ma'aikata ke yi wa maganar shugaba ko da ba ta da gishiri. Suwaiba ta jira suka gama, sannan ta tattara kayanta.

"Ka iya cire abu," ta ce. "Tun muna yara ka iya. Abin da ba ka taɓa iyawa ba shi ne ka tsaya ka ga wa ke riƙe da abin kafin ka fizge."

Bai ba ta amsa a nan ba. Amsar ta same ta a makon, aka ɗauke ta daga sashen ƙira aka mai da ta sashen narka tsofaffin wayoyi, can ƙarƙashin ƙasa. Da ta kira shi ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa yaya, sai ya ɗaga Na'am ɗinsa ya ce, "Suwaiba Jibo, a toshe ta." Na'urar ta ce an toshe, a sanyaye, kamar an ce ta kashe fitila.

To, akwai wata al'ada a rayuwar Haladu wadda ya saba da ita har ya daina ganin ta. Kullum da safe, kafin ya gama karyawa, mahaifiyarsu takan kira shi. Inna tana zaune ne a Gindin Rumfa, unguwar ƙasa inda tsofaffi suka fi yawa, don ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce da za a ajiye ta a saman bene. Tsohuwar wayarta irin mai madannai ce, kuma Suwaiba ta ɗaura mata madannin farko a kan Haladu tun shekarun baya. Ta danna, ya ɗauka.

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To, madalla."

Sai ta kashe. Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Wani lokaci ya amsa da abinci a baki, wani lokaci ya bar ta ta yi ta ruri yana ɗaura takalmi. Shi bai taɓa kiran ta ba, don bai ga dalili ba, ai za ta kira.

Ranar da aka kashe tsohon layi a birnin gaba ɗaya, aka koma kan Na'am, safiya ta yi Inna ba ta kira ba. Washegari ma haka. Mako ya zagayo, shiru. Kuma da yake abin ya zo daidai da saukar da Suwaiba ƙarƙashin ƙasa, Haladu ya haɗa biyun ya ɗaure su wuri ɗaya. Ya ce wato an kai ƙararsa, an yi zama a kansa, an yanke hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Mutumin da ya auna numfashin dubban mutane don ya san lokacin da na'ura za ta ce na'am, ya kasa tsayawa ya tambayi kansa da wane baki mahaifiyarsa za ta kira shi.

Shi ne ɗan farinta. Sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, wato surukinta. Tun da aka haife shi ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. In tana magana da shi, "kai" ne. In tana maganarsa, "yayanku" ne, ko "wancan", ko "mai sunan Malam". Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta tambayar inda ya shiga, kuma ko yana yaro in ya faɗi ya fasa gwiwa, sai dai ta ce wa wata ta ɗaga shi, ita ta kau da kai tana hura wuta. Haladu ya san duk wannan, kamar yadda mutum ya san yana da ƙeya amma bai taɓa ganin ta ba.

Wata Juma'a da haƙurinsa ya ƙare, ya sauka Gindin Rumfa. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran zogale, Suwaiba na gefe tana taya ta. Na'am ɗin da ya aiko mata, ta musamman mai ruwan zinariya, tana ajiye a kan taga kusa da kwalbar man shafawa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tire.

"Inna, laifi na yi ne aka daina nema na?"

"Da can wa ya ce ana neman ka?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

Duk wanda ya tashi a irin gidan nan ya san abin da ke ƙarƙashin wannan magana. Haladu ya zo ne da fushinsa a hannu, don haka abin da ke sama kawai ya ji.

Suwaiba ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ka tambayi 'yar zinariyarka mana, ga ta can a taga. Ka san abin da ake yi a gidan nan kullum da safe?"

"Suwaiba, kul," in ji Inna.

"Inna, ki bari in gaya masa."

"Na ce kul. In kika buɗe baki, ban yafe ba."

Suwaiba ta haɗiye maganar, idonta ya kawo ruwa don takaici. Inna ta gwammace ɗanta ya tafi da fushi da a tsaya a gabansa a ce tana kewar sa. Shi kuwa gogan, da ya ga an hana magana, sai ya ƙara tabbata akwai abin da ake ƙulla masa.

"Ke kika zuga ta," ya ce wa Suwaiba. "Kin kasa ni a ofis, kin biyo ni gida."

"Ban da lokacinka. Ka je ka ci gaba da cire-cirenka, wata rana za ka duba ka ga ba abin da ya rage."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Shi ke nan. Ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba sai an kira ni. Wayar ga ta nan, ba ta da wuya, yaron goye ma ya iya."

Inna ta ci gaba da zare ganyen zogale daga itacensa. Sai da ya kai bakin ƙofa ta ce, "A sauka lafiya," ga bango.

Damina ta wuce, aka shiga wata daminar. A Gidan Sadarwa komai sai yabo. Allunan awo sun nuna kuskuren kira ya kusa ƙarewa ƙaf, ba a ƙara haɗa kowa da surukarsa ba. Abin da allunan ba su nuna ba shi ne waɗanda suka daina kira. Matar da ta ajiye Na'am cikin kwalla ta koma aiken maƙwabta ba kuskure ba ce a wurin injin awo, haka dattijon da ke shiga bayan gida ya rufe ƙofa kafin ya raɗa sunan surukinsa. Wanda ya yi shiru ba ya ɓata wa kowa alƙaluma. Haladu yana duba allunan nan kowace safiya a daidai lokacin da Inna kan kira shi a da, yana gaya wa kansa bai damu ba. Ƙarya yake, ya damu ƙwarai, kuma damuwar ce ke ƙara masa taurin kai.

Wannan shi ne mutumin da ya sauka daga jirgin igiya a safiyar nan, ya shiga zauren majalisa da sabuwar riga.

Zauren ya cika, ana kuma watsa taron kai tsaye ga duk birni. Na'am ta biyu ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, a wuyan riga ake maƙala ta, ko riƙewa ba sai an yi ba. Haladu ya yi bayani mai daɗi, don bakinsa na da zaƙi in yana maganar abin da yake so. Ya ce hannu ya huta, ido ya huta, saura baki kawai. An haɗa tasa Na'am da lasifikokin zauren don mataimakinsa ya kira shi daga waje kowa ya ji yadda abin yake. Saboda haka aka rufe hanyar kiran sa ga kowa a ranar, in ban da mataimakin, da kuma Inna, wadda Haladu ya bari a buɗe tun can, don ya ga ranar da za ta sauko.

"Yanzu za ku ji an kira ni," ya ce, ya ɗaga hannu.

Muryar da ta fito ba ta mataimakin ba ce. Ta tsohuwa ce, siririya, tana rawa, ana jin numfashi na fita da ƙyar a tsakanin kalmomin.

"Haladu." Ta tsaya, kamar mai hawan tudu da kaya. "Haladu Jibo."

Zauren ya ɓarke da tafi. Sun ɗauka cikin shirin ne, an samo wata kaka don a nuna ko tsofaffi sun iya. Kuma abin kunya ne a faɗa, amma a ƙiftawar ido ta farko abin da Haladu ya ji a ransa nasara ce, ya ce ta sauko. Sai a ta biyu murnar ta koma tsoro. Ya girma har ya fara furfura bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba. Ga sunan surukinta, ga na mijinta marigayi a haɗe, sunaye biyun da ta yi rayuwarta tana kewaye su, ta faɗe su a jere a gaban majalisar birni. Ya san ba ƙaramin abu ne zai fizgo su daga bakinta ba.

"Na'am," ya ce. "Na'am, Inna."

Aka haɗa. Tari ya fara ji, sannan muryar Suwaiba a kusa. "Yaya, ka zo. Ka bar duk abin da kake yi ka zo yanzu, jikin..."

"Wannan ba muryar mai wayar ba ce," in ji Na'am. "An rufe."

Shi ya rubuta wannan doka da hannunsa, don kada wani ya yi amfani da wayar wani. Ya sauko daga dandamali ya ratsa mutane suna miƙo masa hannu, bai ga kowa ba.

Jirgin igiyar da ya samu cike yake, kuma yana tsayawa a kowace tasha kamar da gayya. Haladu ya ciro Na'am daga aljihu.

"Na'am. Faɗi sunan wanda kake nufi."

"Kira mini Inna."

"Faɗi sunan wanda kake nufi."

"Mahaifiyata. Wadda ta kira ni yanzun nan."

"Faɗi sunan wanda kake nufi."

"Ni na ƙera ki," ya ce da ƙarfi, har mutane suka waiwayo. "Ki mai da kiran da ya shigo."

"Faɗi sunan wanda kake nufi."

Ya buɗe baki zai faɗa, harshensa ya ƙi. Ya san sunan sarai, ya sha ganin sa a rubuce. Amma bai taɓa ɗora shi a harshensa ba, kuma yanzu da ya zo ɗorawa sai ya ji kamar an ce ya tuɓe riga a kasuwa. Ga wani dattijo a gefensa yana kallon sa, ga mata biyu a gaba. Nan take ya gane abin da ake yi a gidan Inna kullum da safe, wanda aka hana Suwaiba faɗa: Inna na son kiran sa, sunan ya ƙi faɗuwa. Da sau ɗaya ya taɓa gwada kiran ta, sau ɗaya tak a duk watannin nan, da ya ci karo da bangon da ya gina mata. Ya tsinci babban yatsansa yana lalube gefen na'urar, yana neman inda zai danna. Sumul take, yadda ya so ta.

Bai tuna da buɗe Suwaiba ya kira ta ba, ko kuwa ya tuna girman kai ya riga shi, Allah kaɗai ya sani. Ya sunkuyar da kai, ya kare baki da hannu.

"Yalwa Sambo," ya ce.

"Ana kira," in ji Na'am.

Ba a amsa ba. Ya san yadda abin yake a can ɗaya gefen, don shi ya tsara: na'ura za ta yi ta maimaita muryar mai kira, tana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, har sai mai ita ya ce na'am. Sai dai a lokacin hankalinsa bai kai nan ba, ya bar ta tana kira, ya ƙura wa tashoshi ido.

Tun daga bakin lungu ya ga takalman mata a ƙofar gidan. Da ya shiga tsakar gida, maƙwabta na zaune jugum, ba wadda ta dube shi. Sai ya ji wata murya daga ɗaki, a danne kamar daga cikin rijiya, muryar namiji tana kiran sunan mahaifiyarsa gatsau, tana sakewa, tana sakewa. Wani ya kife kwano a kan na'urar, an ɗora matashin kai a sama, duk da haka ana ji. Sai da ya saurara sannan ya gane muryarsa ce.

"A bari," ya ce wa tasa Na'am da sauri. Muryar ta ɗauke.

Suwaiba ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta tare hanya. Idonta ya bushe, ta riga ta gama kukan.

"Tun hantsi jikin ya rikice," ta ce. "Likita ya zo ya ce a kira na kira. Na neme ka, ka toshe ni. Na aika mutum, masu gadi suka ce ana taro. Ba wayar da za ta same ka sai tata, ba bakin da za ta ji sai nata. Na durƙusa ina roƙon ta. Ta ce wa abin nan yayan Suwaiba, ta ce mai sunan Malam, ta ce yaron nan na wajena, yana ta ce mata ta faɗi suna. Sai da ta sa kowa ya fita daga ɗakin sannan ta faɗa. Ba ta san duk birni na saurare ba."

"Matsa in gan ta."

"Za ka gan ta, ba inda za ta. Amma sai ka ji sauran. Bayan an rufe, mata suka dawo ɗaki ana yi mata addu'a. Sai ga muryarka a kan taga kana kiran ta da sunanta, kamar kana kiran 'yar aikinka. Na rasa inda zan danna in kashe. Na ce mata na'ura ce, ta ce a'a, ta san muryar."

"Suwaiba, ba ni da wata hanya."

"Wa ya toshe sauran?" Ta dube shi ido cikin ido. "Ta ja mayafi ta rufe fuskarta don kunyar matan da ke ɗakin. A haka ta cika, kana ta kira."

Ya dafa bango. "Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Ta faɗi abin da za ta faɗa. Har tafi aka yi mata, in ji masu kallo."

Ta koma ciki ta fito da wani abu ta danƙa masa a hannu, ba don tausayi ba. Tsohuwar wayar Inna ce, wadda ya kamata a ce an narka tun tuni. A ƙarƙashin matashin kanta take ajiye ta. Duk madannan da sauran rubutunsu, ban da na farko, wanda ya goge fes har ya lotsa.

"Ta san layin ya mutu," in ji Suwaiba. "Ba ta fasa dannawa ba ko safiya ɗaya. In ka gama zaman makoki, kada ka buɗe ni. Ka bar ni a toshe, na fi son haka."

Aka yi jana'iza bayan la'asar. A cikin masu zuwa gaisuwa har da shugaban majalisar birni, ya zauna kusa da Haladu a kan tabarma, ya yi addu'a, sannan ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce ba lokacin maganar ba ne, amma ya kamata ya sani, don ya samu abin da zai sanyaya masa rai. Majalisa ta amince da Na'am ta biyu ba wanda ya ja. Muryar nan ta baiwar Allah ita ta gama da su, in ji shi, kowa ya ce in har tsohuwa irin wannan za ta iya kira cikin sauƙi haka, to ba sauran mai uzuri a Birnin Inuwa.

Hannun Haladu na cikin aljihu inda tsohuwar wayar Inna take, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar madannin nan, ya zauna daram kamar an auna. Ya danna a hankali. Ba abin da ya faru, sai dai motsin ya tashi ɗaya na'urar da ke kwance a gefenta.

"Na'am," in ji ta daga cikin aljihu, a gaban masu gaisuwa. "Faɗi sunan wanda kake nufi."